Ba a Buɗe Kwano Sai Mai Shi

A unguwar su Turai, can bakin babban kanal na ban-ruwa in ka nufi Bunkure, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai sai dai in ciwo ya kwantar da shi. Da an sallame magariba kowa zai faɗa gida ya ɗauko kwanonsa, na tuwo a ƙasa na miya a bisa, a haɗu a dakalin Malam Sharif mai makarantar Islamiyya. Ciyayya ke nan. Ana jera kwanuka a tsakiya, mai kwano ya buɗe abinsa da hannunsa ya ce bismillah, kowa ya sa hannu, in an ga bayansa a jawo na gaba. Su huɗu ne a dakalin nan shekara ashirin da ɗoriya: Malam Sharif ɗin, da Baballe mai gyaran injin ban-ruwa, da Ɗanladi mai buɗe ƙofar ruwan kanal, sai Maharazu mijin Turai. Matansu ba su taɓa zama a wurin ba, amma kowacce ta san hannunta yana can kullum ana ɗanɗana shi.

Bana shekara ta zo wa Maharazu a karkace. Duk abin da ya mallaka ya zuba a tumatirin rani, na baya-baya, wai don ya riski tsada. Zafi na kamawa sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sauka a gonar, cikin mako guda ganye ya ƙone ƙurmus, 'ya'yan suka huhhuje. Ko kwando ɗaya bai kai kasuwa ba. Abin da ya rage a gidan shi ne masarar da ake taɓawa da dabara, da 'yar shinkafar da ya dasa da damina wadda ko ciki ba ta yi ba. Ga shi an shiga tsakiyar marka, tsohon hatsi na ban kwana sabo bai ce ga ni ba, a kasuwar Kura kuwa komai ya yi tashin gwauron zabo.

To, amma babu ba yau ta fara sallama a gidan Turai ba, sun san juna. Tun cikin sanyi, lokacin da tumatir ya yi arha har ana zubar da shi a bakin titi, ta sa aka kwaso mata wanda ya fashe da wanda dillalai suka ƙi, ta zauna kwana da kwanaki tana yankawa tana shanyawa a kan kara. Binta matar Baballe, wadda katanga ɗaya ce ta raba su, tana leƙowa tana cewa, “Yaya Turai, yaƙi za a yi ne?” Ga kauɗar nan, busasshen tumatir, yau ta cika tulu biyu. Daddawa da kanta take yin ta da waken suya, tunda kalwa ta fi ƙarfinta. Ganyen albasar da ake watsarwa a gona ta kirɓa shi ta busar ya zama gabu. Zogale yana tsakar gida, lalo da tafasa suna bayan gida Allah ya shuka mata, wuta kuma kara ne da ɓuntun shinkafa.

Miyar kukarta ita ce abin magana. Wake take jiƙawa, cikin tafi biyu, ta surfe ta daka, ta bar shi a wuta har ya narke ya ba ruwan jiki. Kan busasshen kifi guda ɗaya ta gasa shi ta dake shi lukui har ƙashin. Mai kuwa cokali ɗaya ne tak, kuma ba ta zuba shi da fari, don ta ce man da aka zuba da fari tukunya ce ke shanye shi. Sai ta kaɗa kuka ta sauke, sannan ta soya gabu a cikin ɗan man nan ta juye a kai, ƙamshi ya tashi ya tsallaka katanga. Takan ce hanci ake fara ciyarwa, in ya yarda baki ba ya musu. Wallahi wanda bai ga shigar kayan ba sai ya rantse da nama aka yi.

Saboda haka ranar da Maharazu ya dawo da kwano da fiye da rabin tuwon a ciki, miyar ma taɓa ta kawai aka yi, sai Turai ta tsaya da murfi a hannu.

“Baban Ummi, lafiya dai?” Haka take kiransa, da sunan autarsu.

“An ƙoshi ne,” in ji shi, ya wuce yana neman buta.

An ƙoshi! Maza huɗu da suka wuni a rana, a ce sun ƙoshi kafin su kai ga kwanonta? Ta ce a ranta ƙila Malam Sharif ne ya samo abincin suna. Washegari ma haka kwanon ya dawo, jibi ma haka. Tuwon dai ba asara ba ne, da safe ta ɗumama wa yara, amma abin ya tsaya mata a ƙirji. Ta ɗanɗani miyar ta sake ɗanɗanawa, ba ta ji abin da ya canja ba. Sai zuciya ta fara raya mata cewa mazan nan sun gano ta, sun gane miyar talauci ce aka yi wa kwalliya, suna tsallake ta cikin kawaici. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta da wanda za ta gaya wa.

Maimakon ta tambaya, sai ta ɗaura ɗamara da tukunya. Ta samo tsakin shinkafa daga injin casa, wanda ake sayar wa masu kaji, ta zauna ta tsince shi tsaf, ta tuƙa tuwo fari tas, ta jiƙa kauɗa ta yi miyar taushe da kabewa da yakuwa da garin ƙuli. Kwano ya dawo da saura. Ta turara dambu da zogale, ta yi masa yaji mai citta da masoro. Ya dawo. Ta yi miyar lalo mai yauƙi wadda ko marar haƙori zai zura. Ita ma ta dawo, Maharazu na cewa an ƙoshi, idonsa a ƙasa.

Ran kwana na bakwai da safe, ta zo ɗumame, sai ta tsaya tana duban sauran tuwon da kyau. Kowace mace ta san yadda tuwon ciyayya ke dawowa in ya yi saura: an ci shi ta ko'ina, kowa ya haƙa ta gabansa, a bar ɗan tudu a tsakiya. Wannan kuwa ta gefe ɗaya aka ci shi, ɗaya gefen yana nan sumul yadda mara ta bar shi. Ta matso da shi haske. Sawun yatsun iri ɗaya ne, har da karkataccen manunin nan da bel ɗin inji ya taɓa karyawa. Hannun da ta sani ne shekara ashirin da shida, kuma shi kaɗai ne ya shiga kwanon.

Ta ajiye kwanon a hankali ta taka turmi ta leƙa katanga.

“Binta! Zo in tambaye ki. Maigidanki ya ce wani abu a kan abincina kwanan nan?”

Binta ta saki tsintsiya. “Au, Yaya, da ma ni ma ina son in tambaye ki. Jikin Baban Ummi ne? Ai yau kwana bakwai ba su gan shi a dakali ba. A masallaci da an sallame sai ya sulale, in an yi masa magana ya ce ciki ne ke damunsa. Nawa kuma kullum sai ya yi mini mitar miyarki, har na ce to ya koma gidanku da zama.”

Turai ta sauko daga turmin. Da farko daɗi ta ji, ba za a ɓoye ba, ashe ba hannunta aka ƙi ba. Daɗin bai kai ko'ina ba tsoro ya danne shi. Ina mutumin nan yake kai kwanon? Ita ta ga irin wannan a gidansu, lokacin da shanun babanta suka mutu. Haka ya fara, daga barin cin abinci da mutane sai barin zaman majalisa, daga nan sai barin magana, har ya zama baƙo a gidansa. Ba za ta zuba ido ta ga an maimaita mata a ɗakin aurenta ba.

Da la'asar ta kamo kazarta, wake-waken nan mai ƙwai, ita kaɗai ce ta rage mata. Ta ɗaure mata ƙafa, ta wasa wuƙa, ta jira Maharazu ya shigo daga gonar shinkafa da taɓo har gwiwa, ta miƙa masa.

“Baƙi za mu yi?” in ji shi.

“Kwanonka za a yi wa.”

Ya dubi kazar, ya dubi wuƙar, bai dube ta ba. “Wa ya gaya miki?”

“Tuwon ne ya gaya mini. Ina kake kai shi, Baban Ummi?”

Ya zauna a bakin rijiya ya daɗe yana kankare taɓon ƙafarsa da tsinke. Can ya ce rumfar gona yake zuwa, ta bakin kanal, inda yake ajiye inji da rani. A nan yake zama shi da sauro ya ci abin da zai iya, in ya ji an kira isha ya taso.

“Haba! Kai da girmanka? Me aka yi maka?”

“Ba a yi mini komai ba. Rannan ne Baballe ya sa yatsa a miyar yana lalube, ya ce, Maharazu, naman nutsewa ya yi ko tserewa? Aka yi dariya, ni ma na yi.”

“Yo Baballe yau ya fara? Ai ko rago aka zuba masa sai ya faɗi haka.”

“Da can wasa ne, Turai, don na san gobe zan iya sayo kilo in rufe masa baki. Yanzu gaskiya ce. Malam yana kawo naman suna, Baballe ɗansa na yo masa aike daga birni. In sa hannu a kwanon mutane in ɗauki tsoka, in an zo nawa a yi ta lalube? Ni ba zan zama cima-zaune a cikin sa'o'ina ba.” Ya jawo kazar ya fara kwance igiyar. “Ke kuma yau kaza, gobe fa? Jibi agwagwar wa za ki kamo? Ƙwan nan shi kaɗai yaran nan ke gani su san ana yi da su.”

Ya sake ta, kaza ta yi kyarkyara ta ruga bayan rumbu. Turai ta tsaya da wuƙa a hannu, tausayinsa da haushinsa suka haɗu a ranta. Gaskiyarsa ce a kan kazar, ta sani, kaza ɗaya ba ta mayar da mutum cikin mutane. Amma a ce duk wahalar da take sha a gindin murhu, shi kallon abin kunya yake yi mata? Ta so ta faɗa masa haka. Da ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa sai ta haɗiye, ta je ta ɗebo masa ruwan wanka.

Kwana biyu tana juya abin a ranta, shi kuma yana ta kai wa sauro ziyara. Ran na uku ta tashi ta tuƙa tuwon masara, ta yi miyar kukarta ta kullum, wake da kan kifi da cokalin mai, ba ta ƙara ko ƙwayar gishiri don burga ba. Ta kwashe, ta goge bakin kwanon, ta ɗora na miya a kai. Ana tayar da sallar magariba a masallaci ta taka turmi.

“Binta, karɓi. In maigidanki zai fita ki haɗa masa da nasa, ya ajiye a dakali. Kar ya ce komai.”

Binta ta karɓa da hannu biyu, amma fuskarta ta canja. “Yaya, in suka buɗe fa babu shi?”

Abin da ke cin Turai ke nan. A dakalin nan ba a buɗe kwanon mutum in ba ya wurin. Sau ɗaya ake yin haka, in magidanci ya rasu, gidansa su fito da kwanonsa a kwanakin zaman makoki, babba a cikinsu ya buɗe a ci a yi masa addu'a. In mazan nan suka gaji da jira suka ɗaga murfin, to sun sallama Maharazu ke nan, kuma ita ce ta kai shi da hannunta. In kuwa suka aiko da kwanon a rufe, wannan ta fi ciwo.

“Ke dai miƙa,” in ji Turai. “Allah na nan.”

Maharazu ya shigo daga masallaci ya nufi inda take ajiye masa kwano, a kan kujerar tsugunno kusa da randa. Wayam.

“Ina kwanon?”

“Ya riga ka fita.”

“Ya fita ina?”

“Inda ya saba zuwa. Shi bai yi faɗa da kowa ba.”

Ai kuwa sai ga Maharazun da ba a saba gani ba. Ya ce ta tona masa asiri, ya ce ta mai da shi abin dariya, ya ce tun da yake da ita ba ta taɓa yi masa irin wannan ba, duk da murya ƙasa-ƙasa don kar a ji a waje. Ya shige ɗaki ya saki labule. Turai ta zuba wa yara nasu ta kora su ɗakinsu, ta dawo ta zauna a gindin murhu, nata tuwon a gabanta ta kasa taɓawa. Tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar murfin kwano daga waje. Ba ta ji komai ba, ko tarin Malam Sharif babu.

Can sai kan Binta ya ɓullo ta katanga, tana raɗa. “Na leƙa ta zaure. Yaya, duk kwanukan a rufe suke, har nasu. Sun zauna sun zuba musu ido kamar masu jiran mota.”

Ba ta rufe baki ba aka ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙyauren gidan.

“Salamu alaikum! Maharazu!” Muryar Malam Sharif ce, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda bai taɓa tasowa kiran kowa cin tuwo ba. “Kwanonka ya iso, mun gan shi. Mu kuma ba ma buɗe kwanon mai rai. Tuwo na hucewa, ni ga tsufa ga yunwa, isha kuma ba jirana za ta yi ba. In ka ga dama ka bar mu mu kwana haka.”

Turai ta runtse ido tana karanto duk abin da ya zo bakinta. Sai ta ji motsin labule. Maharazu ya fito yana gyara hula, ya zo wucewa ta gabanta ya tsaya kamar zai yi magana, ya girgiza kai ya fita.

Ta lallaɓa har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta jingina da bango. Ta ji ana gyara zama. Ta ji Baballe yana cewa, “Maharazu, ka san bakina ba shi da linzami, a yafe wa mahaukaci.” Ta ji ƙarar murfi, sannan muryar mijinta ta ce bismillah. Nan ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye suka zubo mata, ta bar su suka zuba. Daga baya har dariyar Baballe ta jiyo. Sai kuma aka koma magana ƙasa-ƙasa, Malam Sharif ne ke yi, ya daɗe yana yi, ba ta iya tsintar komai. Ta koma gindin murhu kafin a kama ta.

Bai jira isha ba ya shigo. Ta zaci ko dai sauran faɗa ko 'yar dariyar jin kunya, amma fuskar da ya shigo da ita daban ce. Ya ajiye kwanukan ya zauna a kan turmi.

“Turai, yaushe rabonki da Mubina?”

Mubina matar Ɗanladi ce, gidansu na tsallaken kanal. Tun bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita.

“Tun ƙaramar salla. Ai 'yarsu na wurinta tana jinya.”

“Yarinyar ta koma ɗakinta Dawakin Kudu tun farkon damina, haihuwa ta zo mata. Ɗanladi bai gaya wa kowa ba. Shi yake tuƙa tuwo da kansa, a ɓoye, miya kuwa ta gagare shi.” Ya share fuska da tafin hannu. “Wata biyu yana kawo mana gaya, tuwo duk gudaji, ya ce miyar ta zube ko ta ƙare. Wata biyu in an gama yana jawo kwanon miyarki ya kwashe ragowar a nasa, Baballe na tsokanarsa wai ɗumame yake tari. Ashe ita yake kai wa. Tun da ciwon nan ya kama ta ba ta son komai, miyarki kaɗai ke wuce mata. Da na daina zuwa ya gwada ta gidan Malam, ya gwada ta Binta, sai ta kau da kai. Kwana goma ke nan daga koko sai ruwa, Turai. Shi kuma ya kasa zuwa ƙofar wani ya roƙi miyar matarsa.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“A gabana ake yi. Ina gani yana kawo gaya, ina gani yana kwashewa, ban taɓa tambaya ba. Idona na kan kwanona, ina neman naman da babu.” Ya ci gaba da cewa, “Yau ma da ya miƙa hannu zai kwashe, ba saura, mun cinye don yunwa. Sai Malam, da ashe ya riga ya gano abin, ya ce wa Ɗanladi ya faɗa ko shi Malam ya faɗa.”

Turai ta riga ta miƙe. Ta buɗe tukunya, akwai wadda ta rage don ɗumamen safe, ta haɗa da tata da ba ta taɓa ba, ta mayar kan garwashi ta ɗan sassauta ta da ruwan zafi yadda za ta yi daɗin haɗiya. Ta ɗauki malmala ɗaya mai laushi, ta zura hijabi.

“Ɗauko tocila,” ta ce. “Ka yi isha a masallacinsu.”

Suka bi gefen kanal, shi a gaba da haske ita a baya da kwano, kwaɗi na ta kuka a cikin shinkafa. Suka haye 'yar gadar siminti. Ɗanladi na zaune a ƙofar gida da kwanonsa wayam a gefe, da ya gan su ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa idonsa. Turai ta gaishe shi kamar ba ta san komai ba ta shige.

Tsakar gidan ya ba ta labari tun kafin ta kai ɗaki: tukunya da ƙanzo ya kama ba a jiƙa ba, muciya a yashe a ƙasa, murhu cike da toka. A ɗaki Mubina na kwance a kan katifa, an gyara ta tsaf, zanenta wankakke, amma ta zube ƙwarai, sai idanu. Turai ta yi sallama ta zauna, ta tallafo ta ta jingina ta da filo, ta buɗe kwanon miyar.

Ƙamshin na tashi idanun Mubina suka juyo. Bakinta da ya karkace ya fara motsi, maganar na fitowa da ƙyar, sai da Turai ta sunkuya.

“Turai... na ɗauka... fushi kike da ni.”

“Ni? Fushin me?”

“Kullum... yana cewa... ga shi in ji Turai. Kullum. Sai kuma... kika daina. Na ce... ko don ban aiko... da godiya ba.”

Turai ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Wata biyu matar nan na kwance tana sa mata albarka a kan alherin da ba ta san ta yi ba, kwana goma kuma tana neman laifin kanta. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta tuna da mutumin da ke tsaye a ƙofar gida, ta mayar ta rufe. Ta gutsuro tuwo ɗan kaɗan, ta murje shi da yatsa ya yi laushi, ta tsoma shi ya sha miya sosai.

“Wane irin fushi, Mubina? Hidima ce ta sha kaina, ki yafe mini. Buɗe bakin.”

Mubina ta buɗe. Ta daɗe tana juya lomar, ta haɗiye, ta lumshe ido. Sannan ta sake buɗe bakin da kanta.

Daga waje Turai na jiyo gyaran muryar mazan biyu. Can ta ji Maharazu ya ce, “Ɗanladi, gobe kar ka hura wuta. Ka dai zo da kwano.”

Ta gutsuro loma ta uku, tana lissafin waken da za ta ƙara jiƙawa da safe.